Topaz da Lightroom a sabuwar kwamfuta: aiki suna yi, amma kar ku sakar musu fuskar tsofaffinmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na canza kwamfuta ake ta damuna da tambaya, musamman 'yan uwana mata masu ɗaukar hoton biki a nan Jidda da Makka, wai shin waɗannan manhajojin AI na gyaran hoto da ake yayi sun ci kuɗinsu ko talla ce kawai, kuma wace kwamfuta za a saya. To bari in yi bayani sau ɗaya in huta. Wajen share tsaki-tsakin da duhu ke jawowa da kuma ƙara girman hoto, sun yi, sun yi ƙwarai ma, ba na jin zan iya komawa irin aikin da. Wajen fuska kuwa, fuskar baƙin mutum, kuma a tsohon hoto, babu ko ɗaya da na yarda da ita in ba ina tsaye a kanta ba.

Aikina kashi biyu ne. Akwai hoton biki a ɓangaren mata, ƙa'a ko istiraha, wato ɗakin taro ko gidan haya na biki, inda kowa ya san yadda ake rage wuta lokacin shigowar amarya a bar fitilu masu shuɗi da ja suna yawo a fuskokin mutane. Sai kuma tsofaffin hotuna da ake kawo min in gyara a wanke a sa a firem, wanda tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙaru sosai, don dangi da yawa da suka fito daga Khartoum da Omdurman da Madani albam ɗinsu a gida suka bar shi, abin da ya rage sai wanda wani ya taɓa ɗauka da waya ya tura a WhatsApp.

Bari in fara da kwamfutar don ita ce ta fi cin kuɗi. Ni MacBook Air ta Apple mai injin M4 na ɗauka, ram giga 16, ƙanina kuma da muke aiki tare shi ke da laftof ɗin Windows mai katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, samfurin RTX 4060, to na ga aikin duka biyun a teburi ɗaya. Tawa shiru kake ji, ba ta da fanka ko ɗaya, batir ɗinta na kai ni tun daga shirin amarya har a tashi, kuma tana shiga jakar kyamara. Amma rashin fankar nan yana da farashi, haka aka ƙera ta, in ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta, to in ka jera mata hotuna ɗari ka ce ta share su a jere za ka ga na farko-farko sun fita da sauri na baya suna jan ƙafa, balle a zafin Jidda in esi ɗin ɗakin ba ya sanyi sosai. Ta ƙanina kuwa ƙara kamar me, caja ɗinta ma kaya ce guda, in ka cire ta daga wuta ƙarfinta ya ragu, amma in tana jone tana gama jerin hotuna kafin tawa, wannan ba musu. Don haka mai yawo da kwamfuta wurin biki ya ɗauki irin tawa, mai zama a shago yana wanke hoto da yawa ya ɗauki mai RTX ko Mac mai fanka.

Abu ɗaya da nake so ku kiyaye in kun shiga kasuwa, ko titin Khalid bin Walid ne ko Jarir ko eXtra: yanzu kowace kwamfuta an manna mata AI a jiki. Tun 2024 da Microsoft suka fito da abin da suke kira Copilot+ suka ce sai mai NPU, wato ɗan ɓangaren da aka keɓe wa aikin AI, da ƙarfinsa ya kai TOPS 40 a ma'auninsu, masu shago sun samu abin faɗa, kowa ka tambaya sai ya ce wannan ta AI ce madam. NPU ɗin nan yana da amfaninsa, amma aikinmu katin girafik ya fi ci. Adobe da kansu, masu Lightroom da Photoshop, lokacin da suka fito da Denoise mai share tsaki-tsakin hoto, shawarar da suka bayar ita ce katin girafik mai ma'ajiya giga 8 ko fiye, a Windows irin su RTX, a Mac kuma mai M da ram mai yawa. RTX 4060 na laftof giga 8 ne, 4050 giga 6, tsohon 3050 da yawansu giga 4 ne kacal. Wannan lambar za ku tambaya, ba sitika ba. A Mac kuma ram ɗin guda ne, kwamfutar da girafik ɗin duk daga nan suke ɗiba, shi ya sa mai giga 8 da ake ta sayarwa na hannu a Haraj, kasuwar nan ta intanet, da araha ba na ba kowa shawarar ta don wannan aikin, Apple ma a ƙarshen 2024 suka mayar da 16 mafi ƙanƙanta a MacBook Air. Araha ba ta ado. Haka tsofaffin Windows na hannu, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, in na'urar ba ta hawa Windows 11 ku bar ta a wurin mai ita. Farashi ban kawo ba don kullum sauyawa yake, ga VAT kashi 15, ga masu raba biya a Tabby ko Tamara, kowa ya duba aljihunsa.

To manhajojin. Wadda na fi amfani da ita kullum ba ma sai an saya daban ba, tana cikin Lightroom, Denoise, tun Afrilun 2023 suka sa ta. A ƙa'a mai duhu in ba ka son haske mutane da filasha dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara, zuwa 6400 ko sama, hoton ya fito da tsaki-tsaki kala-kala musamman a baƙar abaya da inuwar wuya. Da can in ka ja maɓallin rage shi sai komai ya narke, leshin amarya ya zama dunƙule, zanen lallen hannunta ya dishe. Wannan kuwa sai ta kwashe tsakin ta bar zaren leshin ɗaya-ɗaya, ɗigon lallen da ke gefen yatsa yana nan, duwatsun sarƙa suna walƙiyarsu. Ranar da na fara gwadawa sai da na zuƙo hoton har ƙarshe ina neman inda ta yi ha'inci ban samu ba. A ƙarfin 50 take zuwa, ni ina sauke ta wajen 35 zuwa 40, don in ta yi yawa fata na yin sulɓi irin na roba, kuma fatarmu in ta rasa ɗan ƙurji-ƙurjinta nan da nan ido ke ganewa. Sharaɗin dai da RAW za ki ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba, don a kansa aka gina ta, kuma ita za ki fara yi kafin ki taɓa goge-goge da burushi. Da farko kowane hoto sai ta haifar masa da sabon fayil na DNG mai nauyi, a 2025 suka gyara wannan, yanzu a jikin hoton take aiki, Alhamdulillah, don DNG ɗin nan sun cinye min wuri ba kaɗan ba.

DxO PureRAW na 'yan Faransa ma ya iya wannan aikin, wasu sun fi son shi, kuma yana gyara lanƙwasar lens, amma shi ma RAW kawai yake ci, in kina da Lightroom ban ga dalilin biyan kuɗi biyu ba.

Topaz kuma na kamfanin Topaz Labs ne da ke Dallas a Amurka. Da manhajoji uku ne daban-daban, DeNoise da Sharpen da Gigapixel, a 2022 suka haɗe su wuri ɗaya suka kira shi Photo AI, a lokacin ana sayensa dala 199, wato riyal 746 da 'yan kai tunda dala riyal 3.75 ce, ka saya sau ɗaya da sabuntawar shekara guda. A 2025 su ma suka bi sahun Adobe suka koma biyan wata-wata ko shekara-shekara, abin da ni dai bai min daɗi ba, kowa yanzu so yake ya ɗaura maka igiya a katin banki, ga na Adobe ga na ma'ajiya ga na intanet. Amfaninsa a wurina shi ne inda Lightroom ta gaza: JPEG, hoton waya, hoton da WhatsApp ya matse. Kun san in aka tura hoto haka kawai ba a matsayin fayil ba, WhatsApp na rage shi zuwa wajen fiksel 1600 a dogon gefe, alhali in za a wanke 20 da 30 na santimita mai kyau ana son wajen 2400 da 3600. Super Resolution na Adobe, mai ƙara girman hoto, ninki biyu yake yi tsawo da faɗi, Topaz yana kai har ninki shida, kuma ya fi iya share ɗan murabba'i-murabba'in nan da matsewa ke bari a gefen fuska da rubutu. Ni dai ba na wuce ninki biyu ko uku, daga nan abin da yake ƙarawa nasa ne ba na hoton ba. Sharpen ɗinsa ma yana ceton hoton da hannu ya ɗan girgiza, na rawa misali, in girgizar kaɗan ce. In hoton ya riga ya tafi ya tafi, kar ki ɓata lokacinki.

Haɗa shi da Lightroom ko Photoshop ba wuya, yana shiga da kansa lokacin da ake sa shi, daga Lightroom Classic sai ka tura hoto ta Edit In ya gyara ya dawo maka da shi gefen na asali, a Photoshop kuma yana ƙarƙashin Filter. Abin lura, abin da ke dawowa TIFF ne, kuma TIFF mai bit 16 na kyamara mai megafiksel 24 yana kai wajen mega 140, RAW ɗinsa kuwa bai fi 25 ko 30 ba, in kuma ka ninka girman sai ya ninka huɗu. Mac mai giga 256 biki biyu ya cika. SSD na waje, wato ma'ajiyar da ake jona wa kwamfuta, dole ne, ku sa shi a lissafi tun farko. Masu tsofaffin filogin kuma, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa Photoshop, da aka saya tun zamanin Mac mai Intel, wasu ba sa fitowa a Photoshop na Mac mai M sai an buɗe shi ta Rosetta, mai tafiyar da tsofaffin manhajoji a sabon Mac, kuma in aka yi haka gudun da aka sayi sabuwar kwamfutar dominsa ya ragu, gara ka nemi sabon fitowar filogin ɗin ko ka haƙura da shi.

Yanzu maganar da ta sa ni zama rubuta wannan. Wata Hajiya daga Hindawiyya ta zo min da hotuna biyu a ambulan. Ɗaya ɗan ƙarami ne irin na takardar tafiya, baƙi da fari, ya yi ruwan ƙasa, da sawun hatimi a kusurwa da wata karaya da ta ratsa kafaɗa, mahaifinta ne, cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙasa suka bi ta Chadi da Sudan suna tsayawa noma da leburanci kafin su tsallako Bahar Maliya. Ɗayan kuma babba ne mai sheƙi, jikanta ne ya sa ƙaramin a wata manhajar waya ya kai aka wanke don ya burge ta. Ta ajiye babban a gabana ta ce, 'yata dubi nan, wannan wane ne? Na ce Hajiya ba Baba ba ne? Ta ce Baba Bagobiri ne, ina zanensa? Na ɗauki ƙaramin na kai kusa da fitila, ga zanen nan layi-layi daga gefen baki ya nufi kunne, a dishe amma yana nan. A babban kuwa kumatu sumul. Hanci ya siranta, fata ta yi haske, idon da ke ɗan lumshe saboda rana ya buɗe tar har da ƙyalli, gemun da ke da furfura tsilli-tsilli ya zama an taje shi an shafa mai. Kyakkyawan mutum ne wallahi, amma ba mahaifinta ba ne. Yaron ba shi da laifi, shi gani ya yi hoto ya fito fes.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Waɗannan manhajojin ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, abin da ya ɓace ya ɓace. An nuna musu fuskoki masu ɗimbin yawa ne, sai su dubi dishi-dishin da ka ba su su cike gurbin da abin da suka saba gani. Siririn layi a kumatu a wurinsu karcewar takarda ce ko tamoji, abin sharewa, ba su san bille ba, ba su san 'yar baka ko kalangu ba, ba su san dogayen zanen Barebari ba. Kuma mafi yawan fuskokin da aka koyar da su ba irin namu ba ne, a 2020 ma an yi ta surutu lokacin da aka ba wata manhaja mai suna PULSE dusashen hoton Obama ta fitar da Bature. Sun inganta daga lokacin, ban musa ba, amma halin yana nan, tela ne da ka kai wa gyaran wuyan riga ya ɗinka maka sabuwa yadda shi yake so. Ba fuska kaɗai ba ma, aikin babbar riga, aska takwas ɗin nan, yana iya komawa wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin sa, ɗinkin hula ya cakuɗe, jan shimagi ya yi igiyar ruwa, rubutun Larabci a allon shago ya koma haruffan da ba sa karantuwa. Duk wadda ke da maɓallin gyaran fuska tana da wannan haɗarin, ta waya ce ko ta kwamfuta, bambancin kawai a ta kwamfuta kana da ikon kashewa ko ragewa, kuma a nan ne zamanta kusa da Photoshop ke da rana.

Ga yadda na yi da na Hajiya, kuma haka nake yi da duk irinsa. Sikanin na yi a dpi 1200, don ɗan hoto mai santimita 4 da 6 a 600 bai kai fiksel 1000 a faɗi ba, a 1200 kuwa ya kusa 1900 da 2800, ka ga tun daga nan ka rage abin da za ka roƙi AI. Da kala nake ɗauka ko da baƙi da fari ne, ya fi sauƙin raba tabo da hoto. Karayar kafaɗa da ɗige-ɗigen da hannu na share su a Photoshop da Healing Brush da Clone Stamp, hatimin kuma na bar shi don Hajiya ta ce a bari. Sai na kai Topaz na ninka biyu, Face Recovery, wato maɓallin gyaran fuska, a kashe, wannan shi ne gindin aikin. Na sake fitar da kwafi na biyu da shi a kunne amma ƙasa sosai, na ɗora a leya ta sama na rufe ta duka, sannan da ƙaramin burushi na buɗe ƙwayar ido da gefen rawani kawai, shi ma wajen kashi 30 cikin 100. Kumatu da hanci da baki ban bari ya taɓa ba. Zanen da kaina na ɗan ƙara masa duhu, layi bayan layi, ina kallon na asalin a gefe. A ƙarshe na mayar da ɗan tsaki kaɗan a kan duka hoton don kar wani wuri ya yi sulɓi wani wuri ya yi garas-garas. Bai kai na jikan sheƙi ba ko kusa, amma da ta karɓa cewa ta yi yauwa, ga Baba nan. Maganar sa kala kuma, Colorize na Photoshop zato yake yi, ka tambayi masu hoton launin rigar, in ba wanda ya tuna a bar shi baƙi da fari. Hoton fasfo da iƙama kuwa haske kawai nake daidaitawa, ba na bari AI ta kusanci fuskar, kar a je na'urar jawazat, hukumar fasfo, ta ƙi gane mutum.

Sai amana, wadda mu masu ɗaukar ɓangaren mata ta fi shafa. Amarya da ƙawayenta ba mayafi, sun yarda da ke ne don ke mace ce kuma sun san hoton a hannunki zai tsaya. To ku sani ba duk AI ke aiki a cikin kwamfutarki ba. Denoise na Lightroom a cikin na'ura yake, ainihin aikin Topaz ma haka, kina iya kashe intanet ki gwada, sai dai ki lura da zaɓin da ke cewa a tura gajimare, wato a aika hoton wurin kamfanin ta intanet, ki kauce masa. Generative Fill na Photoshop da Generative Remove na Lightroom kuwa sai da intanet, wato hoton ko wani yanki nasa yana zuwa wurin Adobe ya dawo, manhajojin waya irin su Remini ma haka suke. Ban ce suna yin wani abu da shi ba, cewa na yi ba ki tambayi mai hoton ba. Ni Generative Fill a hoton ɗakin taro nake amfani da shi, cire wayar lantarki a ƙasa ko kujerar da ta shigo gefe, yana yi tsaf. In akwai mace a ciki ba mayafi da hannu nake yi ko zai kai ni asuba, kuma ƙanina ma ba ya ganin waɗannan, SSD ɗinsu daban. Ƙasar nan kuma ba a wasa da wannan, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya da makamantanta.

Wanda duk bai da kuɗin waɗannan akwai Upscayl, kyauta ne, a cikin kwamfuta yake aiki, yana ƙara girma ba laifi in katin girafik ɗinka ya ɗauka, sai dai ba ya haɗuwa da Lightroom, fitar da hoto za ka yi ka kai masa ka dawo da shi.

In da RAW kike ɗauka kuma biki ne aikinki, Lightroom da Photoshop sun ishe ki, kuɗin Topaz ki ƙara a ram ko SSD. In kuma tsofaffin hotuna da na WhatsApp ake yawan kawo miki kamar ni, Topaz zai mayar da kuɗinsa, ki fara gwada shi a kan hotunanki ki ga yadda kwamfutarki ke ɗaukarsa kafin ki ɗaure kanki da biyan shekara, kuma abu na farko in kin buɗe ki shiga saitin Autopilot ki hana shi kunna gyaran fuska da kansa.